Sudan: yadda ake yaƙin, yadda ake sulhun, da abin da kullum ake bari a baya

Tun daga watan Maris na 2025, da sojojin Sudan suka ƙwato fadar shugaban ƙasa a Hartum daga hannun dakarun RSF, a yaƙin da suke gwabzawa tun Afrilun 2023, hirar da ta fi yawa tsakanin mutanenmu na Gadarif da Sinnar da Kasala ita ce ta komawa gida da gyara. Motoci na ta kwasar jama'a daga Masar da Bur Sudan zuwa Madani da Umdurman, kowa na lissafin kuɗin ƙofa da taga da wayoyin lantarkin da aka ɓalle aka yi gaba da su. 'Yan uwanmu mazauna Jidda da Makka da Madina, waɗanda ɗan abin da suke turowa ta manhajar banki ta Bankak shi ya riƙe gidaje masu yawa, tambaya ɗaya suke maimaitawa: wai an gama ke nan? Ba a gama ba. A ƙarshen Oktoban 2025 Fashir ta faɗa hannun dakarun RSF, waɗanda a nan aka fi kira 'yan Da'am, bayan ƙawanya ta kusan shekara ɗaya da rabi. An yi kisa mai muni, wutar kuma ta koma Kurdufan.

To, a ɗauka gobe an ajiye bindiga. Sudan ba baƙuwar bikin sa hannu ba ce. An yi shi a Adis Ababa a 1972, an yi a Nairobi a 2005, a Abuja a 2006, a Doha a 2011, a Juba a 2020. Duk da haka, daga boren sojojin Torit na Agustan 1955, wanda ya riga 'yancin kai zuwa, hutu mafi tsawo da ƙasar ta samu shi ne shekara 11 da ke tsakanin 1972 da 1983. A ganina, yadda ake yaƙin nan da yadda ake sulhunsa sana'a ɗaya ce. Lokacin yaƙi gwamnati na raba bindiga, lokacin sulhu tana raba kujera ga waɗanda suka riƙe bindigar, na gefe kuma yana kallo yana ɗaukar darasi. Wanda wannan ya shige wa duhu zai ɗauka sake gina ƙasa aikin siminti da rodi ne kawai.

Tushen rabuwar sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. Turawan Ingila sun zuba jarinsu a tsakiyar ƙasa, wajen haɗuwar kogunan Nilu biyu: madatsar Sinnar da gandun auduga na Jazira a 1925, layin dogo, makarantu. Kudu suka killace ta da dokar rufe yankuna ta 1922. Darfur kuwa sai a 1916 suka haɗe ta da Sudan, bayan sun kashe Sarki Ali Dinar, suka bar ta yadda suka same ta. Da za su tafi aka raba muƙamai kusan 800 da suka bari, waɗanda suka faɗo wa 'yan Kudu ba su kai goma ba. Masu kallo daga nesa sun fi son su ce rikicin Musulmi da Kirista ne, ko na Larabawa da baƙaƙe. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma mutanen Darfur da aka ƙone wa ƙauyuka Musulmi ne, da mahaddata birjik a cikinsu, kuma masu harbin juna a yau alƙibla ɗaya suke fuskanta. Babban layin da ya tsaga ƙasar ya bi ne tsakanin tsakiya da gefe, da kuma tsakanin mai ƙasa da wanda ake kira baƙo.

Ƙasa mai faɗin Sudan, da baitulmali a bushe, ba ta iya ajiye soja a kowane daji. Da John Garang da ƙungiyarsa ta 'yan tawayen Kudu, SPLA, suka fara ƙarfi bayan 1983, dabarar da Hartum ta faɗa wa, wadda ta bunƙasa a zamanin Sadiƙul Mahdi, ita ce a ba makiyayan Misiriya da Rizaiƙat bindigogi su far wa Dinkawan Bahrul Gazal. Farin 1984 da 1985 ya riga ya kashe musu dabbobi; ga talauci, ga makami. Babu maganar albashi, shanun da suka koro da ƙasar da suka share su ne ladansu. Yaƙi mai arha ke nan a lissafin gwamnati, kuma in duniya ta yi magana sai a ce ai faɗan ƙabilu ne. Umar al-Bashir da ya zo a 1989 ya mai da abin hukuma, ya kafa rundunar sa-kai ta Difa'ush Sha'abi. Da SPLA ta dare gida biyu a 1991 aka rungumi ɓangaren Riek Machar, 'yan Kudu suka yi ta kashe 'yan Kudu a kewayen rijiyoyin mai, har bututu ya fara kai ɗanyen mai Bahar Maliya a 1999. Wannan yaƙi na biyu ya ci rayuka kimanin miliyan 2, akasari da yunwa da cuta, ya kuma raba wasu miliyan 4 da gidajensu.

A Darfur sak aka maimaita. A watan Afrilun 2003 'yan tawaye suka kutsa filin jirgin saman Fashir suka lalata jiragen soja a ƙasa. Gwamnati ta duba rundunarta ta ga ƙananan sojoji da yawa 'yan Darfur ne, ba ta amince za su harbi danginsu ba, sai ta nemi Musa Hilal da mahayan da duniya ta sani da Janjawid. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum 300,000 sun mutu. Abin da ya bambanta wannan karo shi ne yaron da aka ɗauko haya ya girma har ya fi ƙarfin maigida. A 2013 aka tattara mayaƙan aka sa musu suna RSF ƙarƙashin Muhammad Hamdan Daglo, wato Hamidti. A 2017 majalisa ta yi musu doka tasu ta kansu, a shekarar kuma suka karɓe ramukan zinare na Jabal Amir daga hannun Musa Hilal ɗin. Yaƙin Yaman ya ba su kuɗin waje da abokai a ƙasashen Larabawa. Bashir ya gina su ne don su tsare shi daga sojojinsa, sai ga shi a Afrilun 2019 da su aka haɗa baki aka tuɓe shi.

Saboda haka ranar 15 ga Afrilun 2023, da yaƙin nan ya ɓarke, ba daga sama ta faɗo ba. Shugaban soja Abdulfattah al-Burhan da Hamidti sun haɗu sun kifar da gwamnatin farar hula ta Abdallah Hamdok ranar 25 ga Oktoban 2021, mulki ya gagare su, aka dawo teburi aka sa hannu kan yarjejeniyar share fage a Disambar 2022. Inda gizo ya yi saƙa shi ne shigar da RSF cikin soja: soja suka ce shekara 2, Hamidti ya ce 10, ga kuma tambayar wa zai riƙa sara wa wa kafin lokacin. A kan wannan aka ruguza babban birni, aka raba mutum fiye da miliyan 12 da muhallansu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne soja sun sake komawa tsohuwar dabarar don ƙwato abin da suka rasa. Ga mustanfarin, samarin unguwa da aka ba ɗan horo aka miƙa wa bindiga. Ga bataliyar Bara'u ɗan Malik ta masu ra'ayin tsohuwar gwamnati, ga rundunar haɗin gwiwa ta tsoffin 'yan tawayen Darfur, Minni Minnawi da Jibril Ibrahim. Ga kuma Abu Aƙila Kaikal, wanda shi ne kwamandan RSF a Jazira bayan faɗuwar Madani a Disambar 2023, ya sauya sheƙa a Oktoban 2024 aka yi masa afuwa nan take. Ƙauyukan gabashin Jazira ne suka biya kuɗin sauya sheƙar, domin a kansu RSF ta huce. Da soja suka koma Madani a Janairun 2025 sai aka far wa mazauna kanabi, matsugunan 'yan ƙwadagon gona, bisa zargin sun taimaki abokan gaba, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam kuma suka nuna mutanen Kaikal da yatsa. Kowace runduna a cikin waɗannan tana da shugaba, tana da jama'a a bayanta, kuma ranar rabo kowace za ta ce a biya ta.

Da mai aka yi yaƙin Kudu, wannan kuwa da zinare ake yin sa, kuma zinaren ɓangarorin biyu akasari a kasuwa ɗaya yake ƙarewa, ta Dubai. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin da ake wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na kai wa RSF makamai ta Cadi yana da makama, ita kuma tana musantawa. Masar na tare da soja, jirage marasa matuƙi na Turkiyya da Iran sun shigo fagen. Amma makamin da ba a cika magana a kansa ba shi ne takarda. A Disambar 2024 gwamnatin soja da ke zaune a Bur Sudan ta canza takardun kuɗi na fam 500 da 1,000, kuma a yankunan da soja ke riƙe da su kawai aka yi canjin, sai kuɗin aljihun mutumin Niyala ya daina tafiya a Atbara. Najeriya ta yi wa Biyafara irin wannan a Janairun 1968. A Disambar 2024 ɗin ne kuma aka fara jarrabawar shahadar sakandare, ɗaliban Darfur masu ɗimbin yawa ba su sami zama ba. Fasfo ma a ɓangare ɗaya ake bayarwa. RSF da abokanta, bayan taron Nairobi na Fabrairun 2025, sun naɗa tasu gwamnatin a Niyala. Kudu sai da aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama ta tafi. A nan ana shata iyaka a hankali, ba a tambayi kowa ba.

Cikin yarjejeniyoyin da aka yi, ta 1972 ce ta fi burge ni. Shugaba Ja'afar Numairi da Joseph Lagu na Anyanya, 'yan tawayen Kudu na yaƙin farko, sun yarda Kudu ta sami majalisa da gwamnatin yanki, Abel Alier ya shugabance ta, aka shigar da 'yan tawaye 6,000 cikin soja, 'yan gudun hijira suka dawo, har aka buɗe jami'a a Juba. Rauninta shi ne a wuyan mutum ɗaya take rataye. A 1977 Numairi ya sasanta da 'yan adawarsa na Arewa, waɗanda ba su taɓa son ta ba. A 1978 kamfanin Chevron ya gano mai kusa da Bentiu, aka fara neman janye iyaka don rijiyoyin su faɗo Arewa. A Mayun 1983 tsoffin 'yan Anyanya da aka ce za a mayar da su Arewa suka yi bore a Bor, a Yuni Numairi ya yanka Kudu uku, a Satumba ya ayyana dokokinsa na shari'ar Musulunci. Waɗanda aka shigar soja da sunan sulhu su ne tsatson SPLA.

Ta 2005 ta fi kowace kauri, amma ta ɓangare biyu ce kacal, jam'iyyar Bashir da SPLM, reshen siyasa na SPLA. Suka raba kujeru, 52 cikin 100 ga ɗaya, 28 ga ɗaya, sauran 'yan ƙasa su ji da ragowar. Suka raba kuɗin man Kudu biyu, kowa ya riƙe rundunarsa har shekara 6, wai a cikin wa'adin za a sa zaman tare ya yi armashi har 'yan Kudu su zaɓe shi. Garang, wanda shi ne ya yi imani da sabuwar Sudan ɗaya, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu ranar 30 ga Yulin 2005, mako uku bayan rantsar da shi. A Janairun 2011 fiye da 98 cikin 100 suka zaɓi rabuwa, Kudu ta tafi da kashi uku cikin huɗu na man. Mayaƙan duwatsun Nuba da na Nil Azraƙ, da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a SPLA, aka bar su a Arewa da alkawarin za a ji ra'ayin jama'arsu. Alkawarin bai cika ba, kafin shekarar ta ƙare yaƙi ya dawo jihohin biyu. Kudun ma ta kama da wuta a Disambar 2013, tsakanin Salva Kiir da Machar, da rundunonin da a takarda kawai aka haɗe su.

'Yan Darfur suna kallo lokacin da ake wancan rabo a Kenya, sun kuma gane sharaɗin shiga ɗakin. Daga nan ƙungiyoyi suka yi ta hayayyafa, domin duk kwamandan da ya ɓalle da 'yan motocinsa ya zama mai sa hannu. Minnawi ya sa hannu a Abuja ya sami ofis a fada. A Juba aka ba masu sa hannu kujeru 3 a majalisar ƙoli, Jibril ya karɓi ma'aikatar kuɗi, Minnawi ya zama gwamnan Darfur, su biyun kuma suka mara wa juyin mulkin da ya kori farar hula baya.

Mu Hausawan Sudan mun ɗanɗani abin da irin wannan sulhu ke haifarwa tun kafin Hartum ta ɗanɗana. Kakanninmu, wasu hanyar hajji ce ta kawo su, wasu kuma hijira ce bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, inda ɗansa Muhammad Bello ya zo ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar. Guminsu na cikin audugar Jazira da dawar Gadarif da riɗinta. Amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, wadda ta 1957 ta gada, ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Da wannan layi ɗaya aka bar jama'a masu yawa a waje shekara da shekaru. An sassauta dokar daga baya, amma "kai wace ƙabila ce, wa ye umdanka", wato dagacinka, ba ta bar ofishin jinsiya, mai ba da shaidar zama ɗan ƙasa, ba.

A karkara kuwa zancen ya wuce takarda, ya koma kan gona. Tsarin da Turawa suka ƙarfafa shi ne kowace ƙabila da yankinta da nazirinta, wato sarkinta. Wanda ba shi da yanki baƙo ne ko da a nan aka binne kakan kakansa, da izini yake noma. Numairi ya zo a 1970 ya ce duk filin da ba shi da rajista na gwamnati ne, ya bi da rushe sarautun gargajiya, sai hukuma ta riƙa yanka manyan gonakin tarakta tana ba 'yan kasuwar birni da masu hanya. Dokoki biyu ke nan a kan gona ɗaya, kuma mai bindiga ne ke zaɓar wadda za ta yi aiki. Da yarjejeniyar Juba ta ɗora ɓangaren jagoran 'yan tawaye Malik Agar a kan mulkin Nil Azraƙ, lissafin sarauta da filaye ya motsa. Hausawa suka nemi masarauta tasu, masu ƙasa suka ga ana neman raba su da gadon kakanni. A Yulin 2022 aka kashe mutum fiye da 100 a Rusairis da kewayenta, a Oktoba fiye da 200 a Wad al-Mahi, dubbai suka tsere, zanga-zangar mutanenmu ta kai Kasala da Gadarif da Hartum.

Ba zan ɓoye ba, ko da zai yi wa wasu namu ɗaci: Berta da Hamaj da Ingasana su ma waɗanda aka zalunta ne. Gonakin tarakta sun cinye dajinsu, ƙarin tsayin madatsar Rusairis ya tashi ƙauyuka, yaƙi ya bi ta kansu sau biyu. Talaka ne ya kashe talaka a kan ragowar abin da manya suka bari, kuma duk sulhun da ya tsallake wannan batu mu ne za mu fara ji a jikinmu.

Dattawanmu masu bin labarin gida sukan kawo misalin Najeriya. Da Biyafara ta miƙa wuya a Janairun 1970, bayan wata 30 na yaƙi da yunwa, Yakubu Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Ba a yi kisan ramuwar da aka ji tsoro ba, ma'aikata da yawa sun koma bakin aiki, an kafa hidimar ƙasa ta matasa a 1973, Alex Ekwueme ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 1979, a 1982 kuma aka yafe wa Ojukwu ya dawo gida. Sai dai Najeriya ta fito daga yaƙin da runduna ɗaya tak. Gowon ya riga ya yanka jihohi 12 tun 1967, abin da ya ba ƙananan ƙabilun Gabas dalilin zama, kuɗin mai kuma ya yi ambaliya bayan 1973. Sudan ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Duk da haka, ka tambayi ɗan ƙabilar Ibo abin da ya fi tsaya masa a rai, zai ce maka fam 20 da aka ba mutanen da suka taɓa asusunsu lokacin yaƙi komai yawan abin da ke ciki, da gidajen Fatakwal da aka ce dukiyar da aka yasar ce aka ba wasu. Fiye da shekara 50 ke nan maganar ba ta kwanta ba. A Arewa kuwa har yau ana ba da labarin maƙwabtan da suka tara wa masu gida kuɗin haya suka damƙa musu da suka dawo. Na kawo wannan ne saboda a Hartum da Madani yanzu ake fara irin wannan shari'ar: gidan wa, shagon wa, wa ya sayi kayan wa a kasuwar ɓarayi.

'Yan uwanmu na Saudiyya su kuma Ɗa'ifa suke tunawa, inda 'yan majalisar Labanan suka zauna a 1989 suka share hanyar ƙare yaƙin shekara 15. An raba majalisa biyu tsakanin Musulmi da Kirista, an yi afuwa ta gama-gari a 1991, shugabannin mayaƙa suka zama ministoci, aka bar Hizbullah da makamanta. Firaminista Rafiƙ Hariri ya gina tsakiyar Bairut ta yi kyau, bashi ya taru, dubban da suka ɓata ba a gaya wa iyalansu inda suke ba, a 2019 bankuna suka riƙe kuɗin jama'a. Ina jin tsoron wannan ce hanyar da ta fi kusa da mu, kuma mu ba mu da Hariri.

Kuɗi dai babu. Matatar mai ta Jaili ta ƙone, gadar Shambat ta karye tun Nuwamban 2023, an wawashe masana'antun Bahri da gidan tarihi na ƙasa. Bashin waje na fiye da dala biliyan 50, da aka fara shirin yafewa a 2021, juyin mulki ya tsayar da shirin. Wanda zai kawo jari daga waje tashar jiragen ruwa zai nema, ko ƙasar noma, ko zinare, wato abubuwan da ake kashe juna a kansu. Abin da ya fi saurin mayar da rai shi ne gona. Gandun Jazira da Manaƙil ya haura faddan miliyan 2, ruwansa da kansa yake gangarowa daga Sinnar, abin da yake buƙata shi ne yashe magudanai da iri da taki da tsaro. Amma can ma tsohuwar tambayar na jira. Mai hawasha, wato gonar da gandun ya yanka wa manomi, yana da takarda, ɗan kambo, mazaunin kanabin nan, da ya tsufa yana yi masa ciyawa da tsinkar auduga ba shi da ko filin da ɗakinsa yake kai, kuma tunda hukuma ba ta ɗauki kambo a matsayin ƙauye ba, makaranta da ruwa da asibiti sukan wuce shi. Bayan abin da ya faru a Janairun 2025, da wace fuska za a ce masa ya dawo aiki a kan tsohon sharaɗi?

Abin da ya yi aiki a yaƙin nan 'yan unguwa ne suka yi shi. Ɗakunan agajin gaggawa na matasa, da suka tsiro daga kwamitocin gwagwarmaya na 2019, da takaya, tukwanen sadakar da aka gada daga zawiyoyin Sufaye, su suka ciyar da unguwanni ɗungurungum da kuɗin 'yan uwa na waje. Ɓangarorin biyu sun kama wasunsu, an kashe wasu. Sanarwar Jidda ta 11 ga Mayun 2023 wakilan janar biyu ne suka sa mata hannu, ta yi alkawarin kare farar hula, ba a cika ba. Babu mai tukunya ko ɗaya a ɗakin.

Shari'a ma tana tafiyar hawainiya. Sai a Oktoban 2025 kotun duniya ta Heg ta sami kwamandan Janjawid Ali Kushaib da laifi, mutum na farko da ta kama da laifi kan ta'asar Darfur, fiye da shekara 20 bayan aikata ta. Bashir ba a miƙa shi ba. Kwamitin binciken kisan masu zaman dirshan na 3 ga Yunin 2019 bai fitar da sakamako ba. A 2023 aka kashe mutum tsakanin 10,000 da 15,000 a Jinaina, a ƙiyasin ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya, har da gwamna Hamis Abbakar, kuma akasarin waɗanda aka kashe Masalit ne, jama'ar da aka far wa a 2003. Muna da judiya, wato sulhun gargajiya, muna da ajawid masu shiga tsakani, muna da diyya, kuma suna aiki idan ƙarfi ya zo ɗaya hukuma ta tsaya a tsakiya. Idan gwamnati ce ta ba da bindigar sannan ta zo ta biya diyyar, wanda ya yi kisan bai yi asarar ko akuya ba.

Yarjejeniyar Abuja ta yi alkawarin hukumar filaye ta Darfur. Ta Doha ta sake yin alkawarin, ta Juba ta sake, har ta ambaci hawakir, wato filayen gado na ƙabilu, da sunansu. Mutanen da aka kora a 2003 da 2004 suna sansanonin Kalma da Abu Shauk da Zamzam har yaƙin 2023 ya zo ya same su, domin wasu na zaune a gonakinsu kuma babu hukumar da ta iya tashinsu. Yaran da aka haifa a Zamzam a can suka girma suka yi aure. A Agustan 2024 aka tabbatar da ja'ibar yunwa a sansanin, a Afrilun 2025 RSF ta shige shi, ɗaruruwan dubbai suka sake ɗaukar kaya, mafi yawa suka nufi Tawila. Masalit ɗin Jinaina suna Adre a Cadi, nisan 'yan kilomita daga gidajensu. Duk wanda zai rubuta yarjejeniya ta gaba zai tarar da gudun hijira hawa biyu a kan filaye ɗaya, na 2003 da na 2023, kuma a yau waɗanda ake ƙarar su ne ke riƙe da kusan dukkan Darfur.